Gwajin SLC3A1 da SLC7A9 daga Gombe da Bauchi: wa ya kamata ya biya, wa ya kamata ya riƙe kuɗinsa

Mai fama da tsakuwar ƙoda a Gombe ko Bauchi yana iya ba da jini ko yawu a lab mai zaman kansa, lab ɗin ya miƙa wa wakili a Abuja ko Legas, wakilin ya tura ƙasar waje a karanta masa ƙwayoyin gado guda biyu, SLC3A1 da SLC7A9, waɗanda lalacewarsu ke haddasa cystinuria, ciwon gado da ke sa sinadarin sistin ya taru a fitsari ya zama tsakuwa. Da dala ake yanka farashin, ɗaruruwa ne ba gommai ba, sakamako kuma yakan fito mako 2 zuwa 4 bayan samfurin ya isa can, ban da kwanakin hanya. Mutane kan ji an ce gwajin gado su ɗauka ɗan'uwan jinotaif ne da ake yi kafin ɗaurin aure. Ba haka ba ne. Jinotaif furotin ɗin jan jini yake dubawa, a wuni ɗaya an gama. Wannan kuwa haruffan DNA ake bi ɗaya bayan ɗaya, ana neman inda rubutun ya karkace.

Gwajin kansa ingantacce ne idan lab na kirki ya yi shi. Sai dai a jerin abubuwan da mai wannan ciwo zai kashe wa kuɗi, shi ne ya kamata ya zo ƙarshe, amma sau da yawa shi ake turo wa mutum a gaba. Akwai gidajen da gwajin zai yi wa rana ƙwarai, akwai kuma waɗanda za su sayar da akuya biyu uku su karɓo takardar da ba za ta sauya musu ko ƙwayar magani ɗaya ba.

Abin da ƙwayoyin biyu suke yi

Ƙoda tana tace ruwa kusan lita 180 daga jini kowace rana, sannan ta mayar da kusan dukkansa, ta bar lita ɗaya da rabi zuwa biyu ya fita a fitsari. Cikin abin da take mayarwa har da amino asid, wato ƙananan sinadaran da jiki ke harhaɗa furotin da su. A farkon siririn bututun ƙoda akwai wata kafa da aka keɓe wa amino asid huɗu: sistin, onitin, laisin da ajinin. Furotin biyu ne suka haɗu suka yi kafar. SLC7A9, da ke kan kuromosom na 19, ita ke samar da wanda ake kira b0,+AT, mai amino asid 487, kuma ta cikinsa kayan suke ratsawa. SLC3A1, da ke kan kuromosom na 2, tana samar da rBAT, mai amino asid 685. Na farkon ƙyaure ne, na biyun kuwa shi ke ɗauko ƙyauren ya kafa shi a bango. Ko wanne ya lalace, shiga ta gagara. Irin wannan kafa tana cikin ƙaramin hanji ma, amma can ba a cika ganin illa ba, domin hanji yana shanye waɗannan sinadarai ta wata hanya, a haɗe bibbiyu ko uku-uku.

Uku daga cikin huɗun suna narkewa a fitsari su wuce salin-alin. Sistin ne mai taurin kai. Lita ɗaya ta fitsari ba ta narkar da fiye da kusan miligiram 250 nasa idan pH, wato ma'aunin tsamin fitsari da ke hawa idan tsamin ya ragu, yana wajen 7, idan pH ya kai 7.5 adadin yakan kusa ninkawa. Lafiyayye bai fi miligiram 30 yake zubarwa a rana ba. Mai ciwon kan zubar da fiye da 400, wani ma har 1,000. Lissafin a fili yake: wanda ke zubar da 750 yana bukatar fitsari lita 3 kafin sistin ɗin ya narke duka, abin da ya rage kuma shi ke kwanciya ya dunƙule.

Tsohon ciwo ne a littattafan likitanci. A 1810 William Hyde Wollaston ya fara gano sinadarin a cikin tsakuwar mafitsara a Ingila, a 1908 Archibald Garrod ya sa shi cikin cututtuka huɗu na gado da ya yi bayani a kansu. Ƙwayoyin ne ba a daɗe da ganowa ba: SLC3A1 a 1994, SLC7A9 a 1999. Wato likitoci sun yi sama da shekara 180 suna gane ciwon ba tare da karanta DNA ba, kuma hanyoyin da suka bi suna nan ba su mutu ba. A duniya ana ƙiyasta mutum 1 cikin 7,000 ke da shi. Cikin manya masu tsakuwar ƙoda kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ne kawai, amma cikin yara ya kai kashi 6 zuwa 8.

Abin da ya kamata a yi kafin a taɓa jijiyar kowa

Shaida mafi ƙarfi ita ce tsakuwar kanta. Idan aka kai ta lab aka haska ta da na'urar infirared ta nuna sistin, magana ta ƙare, domin babu mai yin tsakuwar sistin sai mai wannan ciwo. Abin takaici, wannan shaida ce aka fi yin asararta. Ana fito da ita daga tiyata a nuna wa dangi, a yi salati, a naɗe a auduga a kai gida a ajiye, ko a jefa ta a kwalbar fomalin tare da nama. A wanke ta da ruwa zalla, a bar ta ta bushe, a sa a busasshiyar kwalba mai murfi, a rubuta suna da kwanan wata. Ba ta son firij, ba ta lalacewa a hanya, kuɗin aunata kuma bai kama ƙafar na gwajin gado ba. Wanda ciwon ya taso masa a gida ya riƙa yin fitsari ta cikin rariyar shayi har ta faɗo. Tsakuwar sistin launin zuma take, da santsi kamar an shafa mata kakin zuma, idan ta sha iska takan ɗan juya kore. Ido dai ba hujja ba ne, a auna.

Idan babu tsakuwa a hannu, sai madubin lab, wanda duk wani babban asibiti a jihohin biyu yake da shi. A kawo fitsarin farko na asuba, domin shi ya fi kauri da tsami. A juya mililita 10 a injin juya samfur na minti 5, a zubar da na sama, a ɗiga gutsurin ƙasa a gilashi, a fara dubawa da ƙaramin idon madubin sannan mai lamba 40. Abin da ake nema lu'ulu'u ne marasa launi, faifai-faifai, masu kusurwa shida daidai wa daida, wani lokaci a kan juna. Ganinsu ya wadatar. Rashin ganinsu bai wanke mutum ba, domin kusan mutum ɗaya cikin huɗu na masu ciwon ne ake kama su a fitsarinsa a duba ɗaya. A maimaita. Ɗiga asetik asid kaɗan a sa a firij na wasu sa'o'i yakan taimaka su fito. A rubuta wa ma'aikacin lab abin da ake zargi a jikin takarda, don idonsa ya saba da neman ƙwan tsargiya da ƙwayoyin cuta, zai iya wuce su bai tsaya ba.

Tsargiya ma tana da hannu wajen ɓoye ciwon. Yaron da ke wanka a dam ko kududdufi, a wurare irin su Dadin Kowa, idan ya yi fitsarin jini, tsargiya ce za ta fara zuwa ran kowa, kuma yawanci ita ce. Amma wanda aka ba maganin tsargiya jinin bai tsaya ba, ga ciwon kwiɓi mai murɗawa har da amai, a kai shi sikanin. Haka kuma ba kowace tsakuwar yaro ce ta gado ba. Akwai ta mafitsara da ke samun ƙananan yara maza saboda ƙarancin abinci mai gina jiki da yawan gudawa, wadda idan an cire ta ba ta cika dawowa ba. Ta sistin dawowa take, sau da yawa a ƙoda biyu, wani lokaci ta cika cikin ƙodar ta yi rassa.

Gwaji na uku shi ne na sayanaid da naitirofurusaid. A zuba mililita 2 na sodiyam sayanaid mai ƙarfin kashi 5 a kan fitsari mililita 5, a jira minti 10, a ɗiga sabon haɗin naitirofurusaid. Idan ya koma ja mai duhu wajen shunayya, sistin ya haura kusan miligiram 75 a kowane giram na kiriyatinin, sinadarin fitsari da ake gwada awon da shi. Yana da arha, amma yana ruɗi: ampisilin da magungunan salfa kan sa ya nuna abin da babu. Kuma kada a kuskura a yi shi da fitsarin da aka zuba wa asid, hayaƙin da zai taso guba ne mai kisa.

Na huɗu, fitsarin sa'a 24, shi ne ke ba da lambar da likita zai yi aiki da ita. A zubar da na farkon safiya, a rubuta lokaci, a tara duk wanda ya biyo baya har na farkon safiyar gobe. A ba mutum jarka biyu, don wanda aka ce ya sha ruwa da yawa zai cika ɗaya kafin isha'i. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne sistin ya kwanta a gindin jarka, a ɗebi na sama a auna, lamba ta fito ƙasa, a ce da sauƙi. Sai an girgiza an kuma narkar da shi, ko da alkali ko da asid gwargwadon tsarin lab ɗin, kafin a ɗiba. A faɗa wa lab idan mutum yana shan tiyofuronin ko fenisilamin, magungunan da ke sa sistin ya narke, domin suna rikita awon.

Duk wanda ɗaya daga cikin waɗannan ya tabbatar masa da ciwon, ya fara magani a ranar. Masana ƙoda na Turai, a jagorar da suka fitar a 2021, sun ce gwajin gado ba sharaɗi ba ne wajen tabbatar da wannan ciwo. Akwai nau'in A, na SLC3A1, da nau'in B, na SLC7A9, amma tsananin ciwon bai bambanta sosai ba, maganin kuma ɗaya ne. Lab ɗin da ya karɓi kuɗin tura jini bai tambayi ko an auna tsakuwa ko an duba fitsari ba, kasuwa yake yi.

Ɗaukar samfur, inda aikin ya fi lalacewa

Daga fararen ƙwayoyin jini ake fitar da DNA, jajayen ba su da shi. Kwalba mai murfi shunayya ake so, mai EDTA, sinadarin da ke hana jini daskarewa, mililita 3 zuwa 5 ga babba, wajen 2 ga yaro. Da zarar an cika, a juya ta sama da ƙasa a hankali sau 8 zuwa 10. Idan jinin ya yi gudaji za a iya mayar da shi. Mai murfi kore ba ta yi ba, hefarin ɗin cikinta yana hana sinadarin da ke kwafar DNA aiki. Mai murfi ja kuwa jinin daskarewa yake a cikinta da gangan. Ba a bukatar azumi, ba a bukatar daina magani. Tambayar da ake mantawa ita ce ta ƙarin jini. Wanda aka yi wa ƙari kwanan nan, kamar mai sikila ko wadda ta haihu ta zubar da jini, akwai fararen ƙwayoyin wani a jikinsa, sai a jira makonnin da lab ɗin ya ƙayyade. Wanda aka yi wa dashen ɓargo jininsa ba zai taɓa yi ba, DNA ɗin mai ba da ɓargon za a karanta.

Rubutun jikin kwalba yana kashe samfur fiye da zafin rana. Labobin waje suna son alama biyu, suna da ranar haihuwa, su yi daidai harafi da harafi a kwalba da fom. A nan kuwa mutum ɗaya ne Muhammad a kwalba, Mohammed a fom, Muhd a rasit. Su can ba su san haka ba, sai su dakatar da aikin su aiko da tambaya, wakili ya kwana uku bai buɗe saƙon ba. Kwanan wata ma tarko ne: 03/04/2015 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a Amurka 4 ga Maris. A rubuta sunan watan da haruffa. Wanda bai san ranar haihuwarsa ba a tsayar masa da ɗaya, a yi amfani da ita ko'ina, har a fom ɗin 'yan'uwansa.

A duba sunan gwajin a fom da ido biyu. Cystinuria ake nema. Akwai cystinosis a kusa da shi a jerin, wani ciwo ne daban na ƙwayar CTNS da ke kan kuromosom na 17, inda sistin ke taruwa a cikin ƙwayoyin jiki har da ido. Wanda ya yi alama a layin da ba shi ba zai biya cikakken kuɗi ya karɓi sakamako mai kyau na ciwon da ba a taɓa zarginsa da shi ba.

Sai hanya. Jinin EDTA yakan jure kusan mako guda idan yana cikin sanyin digiri 2 zuwa 8. A Maris da Afrilu, lokacin da zafin Gombe ke kai 40, kwalbar da aka sa a ambulan aka ba direban haya a tasha ya ajiye gaban gilashi ba za ta isa Abuja da lafiyarta ba. Sau uku ake naɗewa: kwalbar da auduga mai shanye jini idan ta fashe, sai mazubi na biyu mai rufuwa, sai kwali mai alamar UN3373. A sa ƙanƙarar leda a gefe, a raba ta da kwalbar da takarda ko tsumma, don kada jinin ya daskare. A ɗebi jini Litinin ko Talata, a daidaita da ranar jirgin Abuja daga filin jirgin Gombe da ke Lawanti ko daga Bauchi. Jinin Alhamis yakan kwana a ofishin wakili har Litinin, ga wutar da ba ta tsayawa. A nemi lambar bin sawun kaya. Wakilin da ya ce sai ya tara samfur goma kafin ya tura, a nemi wani.

Saboda wannan wahala, kwalbar yawu irin ta Oragene ta fi dacewa da nan. Akwai ruwan adanawa a murfinta, da an rufe ya gauraya, samfurin ya zauna a zafin ɗaki watanni bai lalace ba. Sharaɗinta minti 30 babu ci, babu sha, babu goro, babu taba, babu asuwaki. A tofa har layin mililita 2, kumfa ba ya cikin lissafi. Mai busasshen baki, kamar a hunturu ko mai azumi, ya murza kumatunsa ya ɗan jira, kada ya kurkure da ruwa ya tofa. Raunin yawu shi ne DNA ɗin ƙwayoyin cutar baki yana gauraya da na mutum, wani lokaci ingancin bai isa awon ninki da gibi ba, wato awon da ke gano sashen ƙwayar gado da ya ninku ko ya ɓace. A tambayi lab ɗin can ko suna karɓar yawu don wannan awon kafin a sayi kwalbar.

Tambaya ɗaya da ke raba gwaji mai kyau da na banza

Rubutun kowace ƙwayar gado a rarrabe yake gaɓa-gaɓa: SLC3A1 gaɓa 10 gare ta, SLC7A9 gaɓa 13. Karanta haruffa yana kama sauyin harafi ɗaya, kamar M467T a SLC3A1 ko G105R a SLC7A9, waɗanda suka fi yawa a Turai. Amma akwai lahanin da ba na harafi ba ne, gaɓa sukutum ce ta ɓace ko ta ninku. Sanannen misali shi ne ninkin gaɓa ta 5 zuwa ta 9 a SLC3A1, kuma ba baƙon abu ba ne cikin masu ciwon. Na'urar da ke karanta haruffa kawai za ta ga komai daidai, tunda haruffan ba su sauya ba, yawansu ne ya ƙaru. Don haka a tambaya a rubuce: farashin nan ya haɗa da awon gibi da ninki, ta MLPA ko ta lissafin yawan kwafi? Idan wakili ya yi shiru ko ya ce duk ɗaya ne, kifi a ruwa ake sayar maka. A tambayi sunan lab ɗin da zai yi aikin da shaidar ingancinsa, ISO 15189 ko CAP, lab ɗin gida kuma ya kasance mai rajista da MLSCN, hukumar da ke kula da labobin asibiti a Najeriya.

Za a yi tayin babban kunshi mai ƙwayoyi 30 ko 40 na tsakuwar ƙoda. Yana da amfani ga yaron da ba a san irin tsakuwarsa ba, domin zai duba irin su AGXT da CLCN5 da APRT. Wanda aka riga aka san tasa ta sistin ce, biyun sun ishe shi.

Karanta takardar

Sakamako da Turanci yake zuwa, shafi biyu ko uku, kuma nan ne hidimar ta fi gazawa, domin galibi ta WhatsApp ake turo shi babu mai zama ya fassara. Bisa tsarin da masana gado na Amurka suka fitar a 2015, kowane sauyi ana sa shi a ɗaya daga matakai biyar: mai haddasa ciwo, mai yiwuwar haddasawa, wanda ba a tantance ba, mai yiwuwar rashin illa, da marar illa. Na tsakiyar, wanda ake rubutawa VUS, shi ne zai fi fito wa mutumin nan. Rumbunan da ake gwada sakamako da su, irin su ClinVar da gnomAD, sun fi cika da bayanan Turawa, binciken wannan ciwo kuma an fi yin sa kan mutanen Turai da Yahudawan Libiya da Japanawa. Sauyin da ke jikin Bafulatanin Dukku ko Batangale ko Bajarin Dass yana iya zama ba a taɓa rubuta shi ba. VUS ba tabbaci ba ne, bai kuma wanke mutum ba. Ba a fara magani saboda shi, ba a daina magani saboda shi, ba a fasa aure saboda shi.

Sauyi biyu masu haddasa ciwo a ƙwaya ɗaya sun tabbatar da ciwon, muddin ɗaya daga uba yake ɗaya daga uwa. Idan sauye-sauyen daban-daban ne, sai an gwada iyaye kafin a san haka, don suna iya zama duka a kwafi ɗaya, na uba ko na uwa. Lab mai kyau yana yi wa iyaye wannan da rahusa, a tambaya tun kafin a biya. Sauyi ɗaya a SLC3A1 ga lafiyayye yana nufin ɗauke yake da shi kawai, fitsarinsa ma daidai yake. Sauyi ɗaya a SLC7A9 daban ne: yawancinsu suna zubar da sistin fiye da ƙima, kaɗan daga cikinsu ma sukan yi tsakuwa, don haka a auna musu fitsari. Idan kuwa mutum tsakuwarsa ta sistin ce amma takarda ta nuna sauyi ɗaya ko babu, tsakuwar ce mai gaskiya. Akwai wani kaso na masu ciwon da ba a samun sauyi na biyu a jikinsu da kayan aikin yanzu.

Gidajen da kuɗin ba zai tafi a banza ba

Na farko, gidan da aka samu yaro ɗaya da ciwon kuma akwai jariri. Ƙodar jariri ba ta gama nuna ba, tana zubar da amino asid fiye da ta babba har wajen shekara 2, saboda haka fitsarinsa yana ruɗi, musamman a nau'in B. DNA kuwa tun ranar suna amsarsa ɗaya ce. Na biyu, zuri'ar da ke auren zumunci. Idan uba da uwa duk suna ɗauke da shi, kowane ciki yana da kaso 1 cikin 4, kamar dai AS da AS, kuma ɗan wa da 'yar ƙani sun yi tarayya a kashi 1 cikin 8 na ƙwayoyin gadonsu. Mai ɗauke da nau'in A ba ya nuna komai a fitsari, gwajin gado ne kaɗai zai gano shi. Sai dai a faɗa wa iyaye gaskiya: wannan ba sikila ba ce, wanda aka gano da wuri aka kula da shi yana rayuwarsa yana aikinsa. Na uku, ɗan'uwan da zai ba da ƙoda. Na huɗu, jaririn da aka haifa jikinsa saɓule, ba ya kama nono, ba ya girma, ga sistin a fitsari, domin akwai gibin da ke cinye SLC3A1 tare da maƙwabciyarta PREPL a kuromosom na 2.

Wanda ba ya cikin waɗannan ya juya kuɗin zuwa abin da ke hana tsakuwa. Fitsari ake so ya wuce lita 3 a rana ga babba, wanda a bazarar nan yana nufin shan lita 4 zuwa 5, ruwan leda 8 zuwa 10, a rarrabe har dare: leda ɗaya kafin barci, wata idan fitsari ya tashe shi. Mai aikin rana, manomi ko ɗan acaɓa ko birkila, gumi yana cinye rabin abin da ya sha, sai ya auna da abin da ya fita. Azumin da ya faɗo a zafi, sa'a 13 zuwa 14 babu ruwa, magana ce da za a zauna da likita da malami kafin watan ya kama. Gishiri yana jan sistin zuwa fitsari, ana son a tsaya wajen giram 5 a rana, kuma dunƙulen miya da yajin tsire da kilishi duk suna ciki. Nama da ƙwai da busasshen kifi a rage wa babba, amma ba a tauye wa yaro mai girma furotin.

Kanwa tana bukatar magana ta musamman, don da mutum ya ji ana son rage tsamin fitsari ita zai fara tunawa. Tabbas tana ɗaga pH, amma sodiyam ce, abin da ta gyara ta nan ta ɓata ta can, kuma babu mai sanin ƙarfin ƙullin da ya saya a kasuwa. Fotasiyam sitiret ake bayarwa, yawanci milikwibalan 60 zuwa 80 a rana ga babba, a raba uku ko huɗu, bayan an auna aikin ƙoda da fotasiyam na jini, musamman ga mai shan maganin hawan jini irin su lisinofuril ko losatan ko sifironolakton. A riƙa duba pH a gida da tsinken gwaji mai matakin rabi-rabi, a sabon fitsari, ana neman 7 zuwa 7.5. Idan ya zarce 8 wata tsakuwar ce za ta fara, ta kalsiyam fosfet. A rufe kwalbar tsinken da sauri, laimar damina tana kashe su. Idan duk wannan bai hana ba sai tiyofuronin ko fenisilamin, na biyun tare da bitamin B6, ana bin furotin a fitsari da ƙidayar jini saboda suna iya taɓa ƙoda da ɓargo. Likitan ƙoda ko na mafitsara, a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ko na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, shi zai tsara wannan, da sikanin duk wata 6 zuwa 12. A sanar da mai tiyata irin tsakuwar tun farko, domin ta sistin ba ta cika bayyana sosai a hoton eksire ba, kuma tana gagarar injin da ke farfasawa daga waje, leza ta cikin bututu ko huda ta baya sun fi kama ta.

Wanda ya riga ya yi gwajin ya karɓi cikakkiyar takardar lab ɗin waje mai tambarinsa, ba taƙaitawar da wakili ya sake bugawa ba. Layin da ke ɗauke da sunan ƙwayar da lambar sauyin, wanda ke farawa da c. da p., shi ne abin da aka biya wa kuɗi. Da shi za a gwada ƙanne da yayye a wannan gurbi kaɗai, a kuɗin da bai kai na farko ba. A yi masa kwafi biyu, ɗaya a fayil ɗin asibiti ɗaya a gida, kuma kada a tura shi zauren WhatsApp na dangi, domin bayanin 'yan matan gidan ne gaba ɗaya. Mai VUS ya rubuta wa lab ɗin bayan shekara 2 ya nemi a sake duba matakin, ya haɗa da sakamakon fitsarin sa'a 24 na duk wanda aka auna a gidan.